Tini-wini, Jaririyar Azara

Akwai wata mai sayar da koko a unguwar Maamobi, sunanta Azara. Bayan shekara tara da aure Allah ya ba ta ciki, ta haihu a wata na bakwai. Jaririyar ba ta fi ƙullin gari ba. Ma'aikatan asibiti suka ce ta ɗaure ta a ƙirji dare da rana don ta sha ɗumin jikinta.

Kun san yadda muke a Zango. Idan za a yi suna, magajiyar mata ce ke fitar da yayi, wato atamfa iri ɗaya da kowa za ta ɗinka. Sunan da ba yayi, mata ba sa zuwa. Ita kuwa Azara, ba yayin da ya taɓa wuce ta.

Magajiyarsu Hajiya Ruhaina ce, wadda ta yi zaman Landan, kuma wallahi ba ta bari a manta. Da suka zo barka, ta ɗaga zanen da aka rufe jaririyar da shi ta leƙa, sai ta tuntsire da dariya.

"Kai! Wannan ai tini-wini ce!"

"Hajiya, mene ne kuma tini-wini?" in ji wata.

Nan fa ta gyara zama. "Maganar yaran Turawa ce. Kalmarsu ta ƙarami suka ja, suka yi mata jela don ta yi daɗin faɗa, har manya suka ɗauka. Abin da ya yi mitsitsi, kamar ɓurɓushin burodi, shi ake kira haka."

Matan suka bushe da dariya. Azara ta mayar da zanen ta rufe 'yarta.

"Hajiya, maganar yayin fa?" ta tambaya a hankali.

"Wane yayi? Mu yanka atamfa a kan abin da ba mu san ko zai kai Juma'a ba? Ki bari ta zama mutum tukuna."

Jama'a, ni da nake rubuta wannan, raina ɓaci yake yi.

Ranar suna, mijinta Issaka ya yanka rago, ya jera kujeru. Maza suka yi addu'a da safe suka watse. Azara ta ci ado ta zauna tana kallon ƙofa har magariba. Ko mace ɗaya ba ta leƙo ba. Amma a bakin famfo da cikin trotro, motar hayarmu, tambayar ɗaya ce: "Tini-wini tana nan kuwa?" Har a gabanta ake faɗa.

A kwana na ashirin da uku jaririyar ta rasu.

Abin haushi, ranar kam gida ya cika. Hajiya Ruhaina ta shigo da farin mayafi da carbi, aka ba ta wuri don ta yi wa mata addu'a kamar yadda ta saba. Ta ɗaga hannu.

"Allah ka jiƙan..."

Ta tsaya. Ta dubi ta damanta, matar ta sunkuyar da kai. Ta dubi ta hagu, haka. Mata sun fi talatin a ɗakin, ba wadda ta san sunan yarinyar.

"Azara, yaya ma sunanta?"

Azara ta ɗago, idanunta a bushe. "Ai kin raɗa mata naki, Hajiya. Yi addu'ar da shi mu ce amin."

Hannun Hajiya ya sauko.

"Zalia," in ji Azara. "Sunanta Zalia. Kwana ashirin da uku tana numfashi a ƙirjina, ba wadda ta tambaye ni sai yau."

Darasi: Kada ka auna darajar rai da girman jiki, kuma kada ka yi wa azzalumi dariyar rakiya, don da dariyarka yake yanka. Akwai kalmar da ta'aziyya ba ta goge ta. Ku tura wa 'yan ƙungiyarku, musamman masu saurin laƙaba wa 'ya'yan mutane suna.