Babu Sauka Sai Tasha

Akwai wani direban bas da fasinjoji ke kira Baba Sannu-Sannu, saboda ko mai keke sai ya wuce shi a hanya. Layinsa daga kasuwa ne zuwa ƙofar jami'a. Har furfura ta fito masa yana sauke 'ya'yan mutane a bakin ƙofar nan ya juya, bai taɓa sa ƙafa ciki ba.

Yana yaro ya bar makaranta bayan rasuwar mahaifinsa, amma karatu bai fita ransa ba. Da tsofaffin littattafan 'yarsa Auta ya riƙa zuwa ajin yamma, har ya ci jarrabawar sakandare. Sai ga jami'ar ta buɗe karatun ƙarshen mako don manya irinsa. Shekara ɗaya suka samu shiga, shi da Auta.

Ranar farko ya sa kaya sun sha guga, ya rataya sabuwar jaka. Matarsa Umma ta ce, "Malam, ko ranar aurenmu ba ka yi wannan kwalliyar ba."

Auta kuwa sai ta ja shi gefe. "Baba, don Allah idan mun haɗu a can, kowa ya yi harkar gabansa."

Ya yi murmushi. "To, Auta. Ban san ki ba."

Ni da nake ba ku labarin ma na ji zafin maganar nan, amma shi ya shanye.

Akwai lacca ɗaya da ake haɗa sababbin ɗalibai duka a babban ɗaki ranar Asabar. Wata rana Baba ya ɗaga hannu zai yi tambaya. Yana miƙewa wani ɗalibi daga baya ya gane shi, ya ɗaga murya ya ce, "Direba, akwai sauka!"

Ɗaki ya kaure da dariya. Baba ya waiwaya, idonsa ya faɗa kan Auta. Ta sunkuyar da kai tana wasa da biro. Ya koma ya zauna bai yi tambayar ba.

Da ya dawo gida ya ɗora jakar can saman kwaba.

"Dariyarsu ba ta dame ni ba, na saba da bakin fasinja," ya ce wa Umma. "Amma ba zan zama abin kunyar 'yata ba. Na haƙura da karatun."

Ashe Auta na bayan labule. Umma ta fito ta gan ta tana share hawaye, ta ce, "Kin dai ji. Bas ɗin da kike jin kunya, shi ya kai ki ƙofar nan."

Asabar ta zagayo. Baba na zaune da rediyonsa sai ga Auta da jakarsa a kafaɗa.

"Baba, tashi za mu makara. Ka san tuƙinka."

Ta riƙe hannunsa har layin gaba, ta zauna kusa da shi. Ba su gama zama ba muryar nan ta sake tashi: "Akwai sauka!"

Auta ta miƙe, ta juya ta fuskanci ɗakin.

"Mahaifina ne. A cikinku akwai wanda Baba ya taɓa saukewa a rabin hanya? To shi ma babu sauka sai tasha."

Sai malamin laccar ya gyara tabarau ya ce, "Baba, muna bin ka tambayar wancan makon."

Baba ya miƙe, ya goge ido da bakin hannun riga, ya yi tambayarsa har ƙarshe.

Yanzu haka yana nan yana karatunsa yadda yake tuƙi. Dama Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Darasi: Furfura ba ta hana neman ilimi, amma kunyar na gida kan iya kashe gwiwar da dariyar waje ta kasa kashewa. Idan babba a gidanku ya ɗauki jaka, ku taya shi riƙewa. Ku tura labarin nan ga wanda yake ganin lokacin karatunsa ya wuce.