Masunci da Wanzaman Teku

Akwai wani masunci da yake zaune a bakin teku, inda duwatsun murjani suke ƙarƙashin ruwa. Yana da wani dutse da yake zuwa kowace safiya, da kifin wurin kuma yake ciyar da gidansa. Da ya isa sai ya watsa dusa a ruwa, ya jefa taru cikin manyan kifayen da suka taru, ya kama rabonsa. Yakan ce a ransa, "Kai, dusata ba ta da na biyu."

A jikin dutsen nan kuwa akwai waɗansu 'yan kifaye, tsawonsu bai wuce yatsa ba, masu baƙin zane daga kai har wutsiya. Kullum suna kewaya manyan suna tsattsagar jikinsu, har cikin baki suke shiga su fito lafiya. Abin ya tsaya wa mutumin a rai. A ganinsa ɓarayin dusa ne, ba su isa shiga miya ba, sai cin banza. Wata rana ya zo da raga mai ƙananan idanu, ya kwashe su tas, ya zubar a kan yashi.

Bayan kwana uku kifi ya ragu, sai ya ƙara dusa. Mako ya zagayo, ya ninka ta, amma manyan kifayen ko sama ko ƙasa. Ranar da matarsa ta ɗora tukunya babu abin sawa, hankalinsa ya tashi, ya tafi wurin wani tsohon masunci ya faɗa masa.

Tsohon ya ce, "Ɗana, ina 'yan masu zanen nan?"

Ya ce, "Na kwashe su, baba."

Tsohon ya riƙe baki. "Ashe wanzamansu ka kashe! Ƙwari ne ke manne wa manyan kamar kaska, ƙananan ke cire musu. Wurinsu suke zuwa, ba wurinka ba. Ina ruwan kifin teku da dusa?"

Mutumin ya koma ya leƙa dutsen, ruwa garau, ba mai motsi. Ya yi baƙin ciki ƙwarai.

Ma'anar wannan misali ita ce: dutsen shi ne ikkilisiya, masuncin kuwa mu ne da muke tsayawa a gaba. Dusa ita ce abin da muke taƙama da shi, iya magana, sabon gini, kayan kiɗa. 'Yan kifayen su ne masu zuwa gaida marar lafiya, masu wanke wa tsohuwa kaya, masu zama da wanda aka yi wa rasuwa bayan kowa ya watse. Mutane da yawa ta hannun waɗannan suka fara ɗanɗana ƙaunar Allah, shi ya sa suke zuwa. In muka raina su har suka janye jiki, za mu yi ta ƙara lasifika, kujeru kuwa wayam. Kai da kake zaune nan, wa ya zo ya zauna kusa da kai ranar da ka kwanta ciwo? Ka taɓa yi masa godiya?