Uwar da Ba Ta Faɗin Sunan Ɗanta

An yi wani mutum a ƙasar Kurfai, ɗan fari ne wurin uwarsa Tambara. Da kuɗin gujiyarta ya yi lakkwal, wato makarantar boko, a Filinge, har Allah ya ɗaga shi aka zaɓe shi konseye, wato wakili a majalisar jiha, can Tillaberi.

Ya 'yan uwa, kun san alkunyar iyayenmu mata. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta ce tana begensa. Sai dai duk kaka Tambara takan aiki ƙanwarsa Indo wurinsa da damin gero, ta ce: "Ki hwaɗa ma wancan, hatsi ya nuna."

Wane ɗan Kurfai ne bai san wannan kira ba? Shi ma ya sani sarai. Amma kujera ta yi masa daɗi, yana jin kunyar abokansa su ga bukkar da ya fito. Sai ya ce wa Indo: "Ai ba ta ce in taho ba." Ya ɓuya a bayan kawaicin uwarsa.

Shekara tara ke nan bai taka gida ba. Motarsa takan kai Baleyara, kan hanyar gida, wurin taron siyasa, ta juya. Tsohuwa kuwa duk ranar kasuwa tana zaune bakin hanya, wai iska take sha.

Zaɓe ya zagayo, aka kada shi. Mota ta tafi, masu fadanci suka watse. A nan ne kewar gida ta kama shi, ya shiga motar haya ya taho neman gafara.

Ya tarar tsufa ya ɗauke mata hankali. Ya durƙusa ya ce: "Inna, ni ne, ki yahe mini." Ta dubi babbar rigarsa, ta gyara lulluɓi kamar ta ga baƙo, ta ce: "Ranka ya daɗe, daga Tillaberi kake? In ka ga Hamidu nawa, ka ce mishi ina son ganinai."

Ranar ya fara jin sunansa a bakinta. Wata huɗu ya yi yana jinyarta, kullum tana aikensa wurin ɗanta, har ta cika ba ta gane shi ba.

Jama'a, girman kai ne ya kai shi nan. Wanda uwarsa ke raye, ya tashi ya je, kada ya jira ta kira shi. Allah ya kiyaye mu da zuwa a makare.