Yadda Jaki Ya Ci Gasar Ƙara

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Iya!

To, ku matso, ni ba zan ɗaga murya ba.

Wata rana aka yi wa Raƙumi haihuwa. Ran suna ya sa aka yi kiɗa, har ƙetaren rafi aka ji. Gari ya ɗauka, Raƙumi, Raƙumi. Abin ya tsaya wa Jaki a rai. Da tasa matar ta haihu sai ya rantse: "Kwana uku za a yi, kuma sai gari bakwai sun ji!"

To, a cikin kunnen Jaki akwai wani Gyare da 'ya'yansa. Aikinsu ke nan, magana ta zo bakin kunne, su ɗauka su kai ciki.

Ran farko aka kawo gangunan noma. Jaki ya kafa kujera a gindinsu. Dum! Dum! Dum! Gyare ya leƙo ya ce, "Maigida, ja da baya. Ga matarka nan, hannunka zai kai gare ta, amma sai ta yi ihu kake jin ta. Ƙarar da ta kai haka cin kunne take. Yarana sun fara sumewa."

Jaki ya ce, "A yayyafa musu ruwa. Makaɗa, a ƙara!"

Bushiya ta zo barka. Ta tsaya can gindin tsamiya, ta cusa auduga a kunne. Jaki ya yi dariya har da shure-shure, ya ce, "Ku ga 'yar ƙauye! An zo jin daɗi ta toshe ƙofa."

Rana ta biyu aka kira maharba da bindigogi. Jaki ya ce a harba a saitin kansa, don a san mai taron. Daram! Daram! Daram! Gyare ya leƙo yana hawaye. "Maigida, waɗanda suka suma jiya, rabinsu ba su tashi ba. Kuma mu, wanda ya mutu ba a haifo madadinsa."

Jaki ya ce, "Me ka ce? Oho. Ni ma na ji ƙarar ta ragu. Maharban nan rowar albarushi suke. A ƙara!"

Kun ji fa. Kunnensa ke mutuwa, yana zagin maharba.

Rana ta uku ya aika sama aka gayyato Tsawa da kanta. Tsawa ta ce, "Daga bayan dutse zan yi, ya ishe ka."

Jaki ya ce, "Haba Hajiya, ai ke baƙuwata ce. Zo nan kusa da ni."

Ta zo. Ta yi gyaran murya. Ta saki guda ɗaya. Tararatsa!

Sai shiru.

Gari bakwai suka ji, har da na takwas da ba a gayyata ba. Jama'a suka yi dafifi a ƙofar Jaki. Maroƙa na wasa shi, mata na guɗa, Raƙumi da kansa ya durƙusa ya ce, "Na sallama, ka fi ni."

Jaki ya duba, baki na motsi ko'ina, ba abin da ke shigowa sai ziiii. Gyare ne shi kaɗai, yana makokin 'ya'yansa.

Jaki ya ce, "Wai wa ya ci ne?"

Bushiya ta cire audugarta ta ce, "Kai ne."

"Wa?"

"Kai!"

"Raƙumi ko? Dama na sani ba kwa ƙaunata."

Ya shiga gida da baƙin ciki. Jaririnsa ya yi kuka, ya yi dariya, ya girma har ya ce "Baba", duk Jaki bai ji ko ɗaya ba. Wannan kam ni ma ta ba ni tausayi.

Shi ya sa har yau in jaki ya buɗe baki yake cika unguwa. A zatonsa raɗa yake yi.

Kunne ba a sayo shi a kasuwa. In ƙara ta yi yawa, a ja da baya ko a toshe. Kai kuma Ɗanliti, cire wayar nan daga kunnenka, tun ɗazu nake kallon ka.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ta tafi ta bar mu da kunnuwanmu.