Tayoyin Yaya

Akwai wani matashi da duk unguwarsu ba mai kiransa da sunan yanka. A waje Hayaƙi ake ce masa, a gida kuma Auta. Ku gyara zama ku ji yadda ya samo sunan wajen, da abin da sunan ya ci masa.

Mahaifinsu ya rasu yana ƙarami, yayansa ne ya riƙe shi. Yayan nan direban haya ne mai dogon zango, mutum mai sanyin hali da tsantseni. Kowace safiya sai ya zagaya motarsa, ya taɓa nan, ya leƙa can, kafin ya murɗa makulli. Har jan fenti ya ɗiga a bakin ƙarfen kowace taya tasa, don kada a musanya masa a wurin mai faci.

Shi kuwa Auta, da ya fara aiki ya samu abin hannu, sai ya sayi wata tsohuwar mota mai ƙofa biyu. Ba don zuwa aiki ya saye ta ba, don wasan mota ne. Ya sa aka sassauke ta har tana neman shafar ƙasa. Aka sa mata salansa mai rugugi, aka ɗora dogon birkin hannu kusa da sitiyari, aka yi wa ƙafar baya walda don tayoyin biyu su riƙa juyawa tare. Kujeru kuwa duk ya cire, ya bar tasa kaɗai, wai nauyi ne.

Matar yayansa takan tsokane shi, "Ɗan autan Umma, ranar da ka yi aure a kan but za ka ɗora amaryar?"

Shi kuma ya ce, "Ke dai ki yi ta surutu. Ranar da kika ga motar nan tana tafiya a karkace, bakinki zai mutu."

Gaskiya kuma wasan yana da daɗin kallo. A filin wata tsohuwar masana'anta suke haɗuwa da yamma. Mota za ta taho a guje, direba ya ja birkin hannu, gindinta ya zame gefe, hancinta na kallon wani wuri ita kuma tana tafiya wani wuri. Tayoyin baya su yi ta kuka, farin hayaƙi ya turnuƙe, jama'a su ɗauki ihu. Auta yakan ce a wannan ɗan lokacin ne kaɗai yake jin duniya ta daina yi masa gardama.

Sai dai wasan nan taya yake ci kamar wuta.

Ranar wata babbar haɗuwa, Auta ya tashi ya tarar tayoyinsa na baya sun cinye har waya ta leƙo. Ya zaga wurin masu taya, aka ce girman tasa sai wani makon. Yana tsaye yana cizon yatsa, sai ga kiran abokin hamayyarsa, wani da ake ce wa Dogo.

"Hayaƙi, an ce yau ba ka da takalmi. Ka zo mana ka riƙe mana ruwan sha."

Maganar nan ta tsaya masa a wuya. Ya dawo gida da rana tsaka, ya ga motar yayansa a bayan gida. Yaya ya dawo daga tafiya, yana ciki yana barcin gajiya. Tayoyin motar Yaya na baya sababbi ne fil, kuma da ita da ta Auta kamfani ɗaya ya ƙera su, ramin noti ɗaya.

Ya ɗauko jak da sifana. Matar yayansa ta fito shanya ta gan shi a durƙushe.

"Me kake yi wa motar mutane?"

"Iska zan kai a ƙara masu. Kada ki tashe shi."

"Yau kuma kai ne da abin kirki? Allah Ya sa ɗorewa."

A ransa ya ce zagaye kaɗan zai yi, zanen taya ba zai nuna ba.

Ranar kuwa ya yi wasan da bai taɓa yin irinsa ba. Ya zagaye Dogo da motarsa kamar yana zana masa da'ira, har madubinsu ya kusa gogar juna. Wayoyi suka yi sama ana ɗauka. Zagaye kaɗan ya zama da yawa, don duk wanda ake kiran sunansa da ihu ba ya jin ƙaurin roba.

Kafin rana ta faɗi ya mayar da tayoyin. Ya wanke su, ya shafa masu baƙin mai. A ido lafiya lau suke, zane na nan. Abin da ido bai gani ba shi ne zafin ya riga ya dafa su ta ciki, roba ta saki wayar da ke riƙe da ita.

Da safe Yaya zai je wani gari ya ɗauko Umma daga gidan 'yar'uwarsu. Ya yi zagayensa na kullum. Da ya zo tayar baya sai ya tsaya, ya sunkuya, ya shaƙa.

"Auta, ƙaurin roba nake ji. Ka taɓa tayoyin nan?"

"Haba Yaya. Motata ce a kusa, warinta ne."

Yaya ya dube shi na ɗan lokaci. Sannan ya yi murmushi, ya dafa kafaɗarsa.

"To shi ke nan. Me zan ce wa Umma?"

"Ka ce ta taho min da tsaraba."

Umma ta fito da jakarta ƙofar gida tun hantsi, tana jira. Ba a zo ɗaukarta ba. A tsakiyar hanya, rana ta gasa kwalta, mota na gudu, tayar baya ta fashe. Motar ta wuntsila ta faɗa rami. Yaya ya rayu, amma likitoci ba su iya ceto ƙafarsa ta dama ba, ƙafar da yake taka mai da birki da ita, wadda ta ciyar da gidan nan tun Auta yana rarrafe.

Masu zuwa dubiya suka yi ta cewa tsautsayi ne, sabuwar taya ma takan fashe. Auta yana gefe yana gyaɗa kai. Wayarsa kuwa sai ƙara take, bidiyonsa ya zaga ko'ina. Har Dogo ya aiko masa da saƙo, "Na sallama maka, maigida."

Bayan an sallamo Yaya, wata yamma suna zaune su biyu a tsakar gida, sandunansa jingine da bango. Auta ya daure ya ce, "Yaya, kada ka damu da zirga-zirga. Duk inda za ka, ni zan kai ka."

Yaya ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"A ina zan zauna? Ai ka cire kujerun."

Auta ya sunkuyar da kai.

"Wanda ke gadon kusa da nawa a asibiti, mai son wasanku ne," in ji Yaya a hankali. "Ya miƙo min waya ya ce, malam, kalli wani gwani ka ɗan manta da ciwo. Na kalla. Ka iya, Auta, wallahi ka iya. Da motar ta tsaya, hayaƙi ya washe, sai ga jan fentina a ƙafarta ta baya."

Auta ya zube a ƙasa, ya kama ƙafar da ta rage, yana kuka yana cewa a yafe masa.

"Tashi, kada Umma ta ji. Ba zan gaya mata ba, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Matata ma ta gane, na hana ta magana." Sannan ya ci gaba. "Aron taya ba komai ba ne. Da ka ce min eh a safiyar nan, faɗa zan yi maka, in canza su, in kama hanya. Shekara da shekaru hancina bai taɓa yi min ƙarya a kan mota ba. Ranar nan ma ya gaya min gaskiya. Ni ne na zaɓi in yarda da ƙanina."

Ya jawo sandunansa, ya miƙe da ƙyar. Auta ya kai hannu zai tallafe shi.

"Bari," in ji Yaya. "Gara in saba."

Motar mai ƙofa biyu tana nan a bayan gida har yau, an lulluɓe ta da tamfol. A waje ana ta tambayar ina Hayaƙi ya shiga. A gida kuwa Umma kaɗai ta rage tana ce masa Auta.

Darasi: Sha'awa ba laifi ba ce, amma kada ka biya ta da abin da rayuwar wani ta dogara a kai. In kuma ka riga ka yi kuskure, aka tambaye ka, faɗi gaskiya tun tana da amfani, domin wanda ya fi yarda da kai shi ƙaryarka ta fi kayarwa. Ku tura wa ƙannenku da abokanku masu son mota, wataƙila wani ya tsaya ya ce eh kafin a murɗa makulli.