Ludayi Uku na Waziri Jafaru

An yi wani sarki a birnin Kurmawa, ana ce masa Haliru, mutum ne mai son adalci, sai dai idan ransa ya ɓaci hukuncinsa kan riga tunaninsa fita. A zamaninsa ciwon sukari ya yawaita cikin dattawan gari, sai ya umarci wazirinsa Jafaru da ya ƙayyade rabon mutum ɗaya na kowane abincin sayarwa, a riƙa rubuta shi a jikin mazubi tare da adadin zumar da ke cikin rabon. Waziri ya yi nazarinsa, ya yanke cewa rabon mutum ɗaya na fura ludayi uku ne.

Ana nan sai mahaifiyar Sarki, wadda likita ya hana ta wuce cokali ɗaya na zuma a yini, ta aika aka sayo mata fura wurin Ladingo, wata mai dama fura a bakin kasuwa. Aka karanta mata rubutun ƙwaryar: rabon mutum ɗaya, zuma cokali ɗaya. Ta yi bisimilla ta shanye tas, alhali ƙwaryar ludayi goma sha biyu take ci. Kafin azahar tsohuwa ta yanke jiki ta faɗi, ba ta san wanda ke kanta ba.

Aka gurfanar da Ladingo a fada. Sarki ya ce, "Waziri, rubutun nan gaskiya ne ko ƙarya? In gaskiya ne, me ya kayar da mahaifiyata? In ƙarya ne, yau matar nan za ta bar ƙasata, ita da 'ya'yanta. Na ba ka zuwa la'asar."

Ladingo ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban iya karatu ba. Abin da fada ta ce a rubuta, shi na sa aka rubuta."

Waziri ya tuna inda ya samo ludayi ukun nan, kuma duk garin ba wanda ya sani sai shi. Da zai ce matar ce ta yi babbar ƙwarya don yaudara, ba mai musa masa, rawaninsa kuma ya tsira. Tsoro ya kama shi ƙwarai, har ya buɗe baki zai faɗi hakan, sai ya ji ba zai iya ba. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ina roƙon ƙwarya goma sha huɗu na fura, da izinin in karɓi baƙuncin 'yan majalisa bakwai."

Aka kawo bakwai aka ajiye gabansu, Sarki na kallo. Kowa ya kurɓi ludayi biyu ko uku, ya goge baki, ya yi hamdala, sai ka ce waliyyai. Daga nan Waziri ya ce su huta kafin la'asar, ya sa aka kai kowa ɗaki dabam, aka bi shi da sabuwar ƙwarya, aka sakaya ƙofa. Da aka kira salla aka kwaso ƙorai aka jere gaban Sarki, ba wadda ta dawo da abin da ƙuda zai lasa. Ta Galadima ma har ɗauraye ta aka yi.

Waziri ya tuɓe rawaninsa ya ajiye a ƙasa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, rubutun ba ƙarya ba ne, amma ma'aunin da aka gina shi a kai ƙarya ne, kuma ni na kafa shi. A nan gabanka na ƙirga ludayin mutane, inda kunya ke riƙe hannun kowa, na ɗauka cikinsu ne ya cika. Wanda aka miƙa wa ƙwarya a ɗakinsa kuwa, ƙwaryar ce rabonsa. Matar nan umarnina ta bi. In akwai mai barin gari, ga ni."

Sarki ya daɗe yana duban Waziri, idanunsa jajur, ga shi har lokacin ba a zo da labarin farfaɗowar mahaifiyarsa ba. Waziri ya sunkuyar da kai, ya riga ya sallama.

Can Sarki ya nisa, ya ce, "Ladingo, tashi ki tafi wurin 'ya'yanki, za a bi ki da saniya biyu, ki yafe mini. Kai kuma Waziri, raina a ɓace yake da kai, kuma ban san ranar da zai huce ba. Amma kana da damar ɓoyewa bayan mace marar gata, ka ƙi. Ɗauki rawaninka, ga alkyabbata ka ƙara. Gobe ka shiga gidajen talakawa ka sake awo, a rubuta abin da ke cikin ƙwarya gaba ɗaya."

Bayan kwana uku tsohuwa ta buɗe ido. Masu tarihi kuwa suka rubuta cewa adalcin mai mulki ba ya tabbata sai ya auna mutane yadda suke a gidajensu, ba yadda suke nuna kansu a gabansa ba.