Hawainiyar Baba da Akwatin Gilashi

Akwai wani mai yankan gilashi da nake so ku ji labarinsa yau. Mutumin kirki ne, sai dai yana da ciwo ɗaya: duk abin da ba ya sheƙi, a wajensa bai cika abu ba. Ko gaisawa kuke yi, idonsa na kan tagar gidanka yana auna ta.

Mahaifinsa tsohon mai lambu ne, ya shekara arba'in yana rainon itatuwa. Tun da matarsa ta rasu ya dawo gidan ɗan nasa da zama. Bai zo da komai ba sai akwatin tufafi, da tukunyar shuka, da wani keji na katako da ragar waya. A cikin kejin akwai hawainiya.

Ya tsince ta ne ranar da aka sare wata bishiya, ta faɗo ta ji ciwo a ƙafa. Ya yi jinyarta, ya sa mata suna Sannu-Sannu. Kullum da safe zai fita bayan gida ya kamo mata fara da gyare, ya fitar da kejin ta sha hantsi, sannan ya fesa ruwa a ganyen shukar da ke ciki. In ban da ita, da Baba ba shi da dalilin barin shimfiɗa da safe, kowa a gidan ya san haka.

Wata rana Baba ya zame a banɗaki, ƙashin ƙugunsa ya karye. Kafin a shiga da shi ɗakin tiyata ya riƙe hannun ɗansa.

"Ga amanar Sannu-Sannu nan. Fara biyar a rana ta ishe ta. Ka riƙa fesa wa ganyen ruwa safe da yamma, kar ka manta."

"Baba, ka kwantar da hankalinka. Za ka dawo ka tarar da ita ta yi ƙiba."

Da ya koma gida ya tsaya ya dubi kejin, sai ya ji kunya ta kama shi. Katakon ya kode, ragar ta yi tsatsa, an ɗaure ƙofar da waya. A gidan mai gilashi guda! Ya ce a ransa lallai ya yi wa Baba abin da zai faranta masa.

Kwana biyu ya yi a shago yana aikin. Ya haɗa akwatin gilashi mai kauri, ya rufe ko'ina ruf don kar ƙura ta shiga, ya liƙa madubi a bayansa. Shukar nan mai zubar da ganye ya cire ta, ya sa furannin roba masu kyau. Ya sayo ɗan kwanon tangaran ya cika shi da ruwa.

Matarsa tana kallo. Ita fa tsoron hawainiyar take ji, ko kusa da kejin ba ta zuwa, amma ta ce, "Baban yara, ba Baba ya ce a riƙa fesa ruwa ba?"

"Ai don shukar ne. Yanzu babu shuka, babu feshi. Ga ruwa nan a kwano, in ta ji ƙishi ta sha."

Ba ta ja da shi ba. Sai dai da ya ce ta jefar da tsohon kejin da tukunyar, ta kai su bayan kicin ta ajiye, tana zuba wa shukar ruwa in ta gama wanke-wanke.

A asibiti kuma, aiki ya yi kyau, amma Baba ya ƙi tashi. Likita ya ce dole ya fara taka ƙafar, in ba haka ba zai iya ƙarewa a kwance. Aka kawo masa ƙarfen koyon tafiya, ya juya fuska bango. Tambaya ɗaya kawai yake yi kullum: "Ta sha ruwa?" Ɗan ya ce, "Ruwa kam tana da shi, Baba."

Rana ta shida ya kasa haƙuri. Ya fito da waya yana murmushi, ya nuna wa Baba hoton akwatin.

Baba ya daɗe yana kallo. Ya ce a ƙara girman hoton. Sannu-Sannu tana kwance a ƙasan gilashin, ta yi baƙi ƙirin, idanunta a rufe sun faɗa ciki.

"Da rana ka ɗauki wannan?"

"Ɗazu da azahar. Barci take yi."

"Hawainiya mai lafiya ba ta barcin rana." Baba ya ɗago kai. "Ina ganyena?"

"Na cire, Baba. Amma ga kwano..."

"Ɗana, ba ta san ruwan da ke kwance ba. Ko za ta mutu a bakin kwanon nan, ba za ta gane abin sha ne ba. Ɗigon da ke gangarowa a kan ganye take lasa. Feshin nan ba don shuka ba ne, nata ne. Ga shi ka rufe mata iska. Madubin kuma, wata hawainiyar take gani ta zo ƙwace mata wuri, dare da rana, babu inda za ta ɓuya."

Bai yi faɗa ba. Hawaye ne kawai ya gangaro masa har cikin kunne. Wallahi da zagi ya yi, da ya fi wa ɗan sauƙi.

Mai gilashi bai san yadda ya iso gida ba. Tun daga ƙofa yake kiran matarsa: "Ina kika jefar da kejin Baba?"

"Yana bayan kicin. Shukar ma tana nan, har ta yi sabon ganye."

Ya ruga ya ɗauko kejin. Ita da ba ta taɓa yarda ta matsa kusa ba, ita ce ta riƙe reshe da hannunta, har hawainiyar ta hau aka mayar da ita tsohon gidanta. Suka kai kejin inuwa inda iska ke kaɗawa. Ya ɗauko robar feshin Baba ya jiƙa ganyen sharkaf.

Hawainiyar ba ta motsa ba. Ya sake fesawa. Ya durƙusa a gaban kejin nan mai tsatsa kusan awa guda, ruwa na ɗiga masa a gwiwa. Can sai ido ɗaya ya buɗe, ya juya, ya tsaya a kan wani ɗigo da ke lilo a bakin ganye. Ta buɗe baki a hankali ta lasa. Ta sake lasa.

Washegari ya kai ta wajen likitan dabbobi, aka ce ƙishirwa ta yi mata illa amma za ta tashi. Bayan kwana huɗu ta harba harshe ta cafke fara, launinta ya fara komawa kore.

Yana zaune yana kallonta sai wani abu ya faɗo masa. Ya tashi ya buɗe ɗakin da ya gyara wa Baba don ranar sallama. Ya sa tayil mai sheƙi, ya sa na'urar sanyaya ɗaki da ƙaton talabijin, ya liƙe tagogin da gilashi mai duhu wanda ba ya buɗewa. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana dube-dube. Mutumin da ya shekara arba'in a cikin itatuwa zai kwantar a nan.

A ranar ya cire tagogin da hannunsa. Ya shimfiɗa abin da ba ya santsi a ƙasa, ya juya gadon ya fuskanci baranda.

Da aka sallamo Baba, a keken marasa lafiya ya shigo. Kejin na rataye a baranda, taku huɗu daga bakin ƙofa. Ɗan ya ɗauki robar feshin zai fesa, sai ya fasa. Ya ɗora ta a kan kejin, ya jawo ƙarfen tafiyar ya ajiye a gaban mahaifinsa.

"Baba, ni na gwada na kusa kashe ta. Hannunka ta sani."

Baba ya harare shi. "Wayo za ka yi mini?"

"Wayo ne, Baba."

Tsohon ya kama ƙarfen. Ya miƙe yana nishi, gumi ya karyo masa. Surukarsa ta miƙa hannu, ya girgiza kai. Taku ɗaya, ya huta. Na biyu, ya huta. Sannu-Sannu ta juyo ido ɗaya tana kallonsa yana tahowa.

"Kar ki yi mini dariya," in ji Baba. "Tafiyarki na koya."

Ya kai hannu ya ɗauki robar, ya fesa wa ganyen ruwa.

Darasi: Kafin ka yi wa wani alheri, tsaya ka saurare shi, ka san abin da yake bukata. Da yawa daga cikinmu muna ba iyayenmu da 'ya'yanmu abin da ya burge mu, muna cewa ai mun yi musu komai, alhali suna fama da ƙishi a gaban kwanon da muka cika. Dabbar da ka ajiye ma amana ce, ka koyi yadda take rayuwa kafin ka gina mata gida. Ka tura wa wanda yake kula da tsoho, ko mara lafiya, ko wata dabba, wataƙila yau yake bukatar jin wannan.